Yadda za ka koya wa manhajar shifta sunayen Damagaram

Manhajar da ke jin magana ta mayar da ita rubutu ba ta san Habou ba. Ka ambace shi a tsakiyar jimlar Faransanci, sai ta rubuta maka "à bout". Ka ce Laouali, ta ba ka "là où Ali". Maman kuwa, sunan da da wuya ka shiga gida a Birni ko Zango ka rasa mai shi, da ƙaramin baƙi take rubuta shi, ta mayar da magidanci mai gemu uwar wani. Garuruwa ma ba su tsira ba. Gouré ta san shi, amma a matsayin wata kalmar Faransancin bakin titi, Kantché kuma sai ta datsa shi gida biyu. Daga nan mutane da yawa ke cewa abin ba namu ba ne, su koma cakar madannai da yatsa biyu.

Ina da ɗan biron buga takardu a Sabon Gari, nan Zinder. Abin da ake kawo mani bai wuce takardar neman aiki, takardar cinikin fili ko gona, rahoton ƙungiyoyi da kundin ɗaliban jami'a ba. Mafi yawa da Faransanci, wasu da Hausa. Yanzu da baki nake buga mafi yawan wannan aiki, kuma abin da ya sa ya yiwu ba tsadar manhaja ba ce, wani jerin kalmomi ne da nake ajiye da shi a fayil guda. Yadda ake gina wannan jeri da yadda ake ɗura shi cikin na'ura shi ne zan bayyana.

Kafin nan, ya kamata ka san yadda take yanke shawara. Abu biyu take haɗawa: sautin da ya shiga makirfo, da lissafin wace kalma ce ta saba bin wace. Tana da rumbun kalmomi da aka cika mata daga rubuce-rubucen masu harshen, kuma ba a Tanout aka yi waɗannan rubuce-rubuce ba. A manhajoji irin na da, kalmar da babu a rumbun ba za ta taɓa fitowa ba, ko ka maimaita har muryarka ta dushe. Halinta halin mai kantin da ba ya iya cewa "babu": ka tambayi abin da ba shi da shi, ya miƙo maka wanda ya fi kama. Sababbin da ke aiki ta intanet suna iya harhaɗa baƙuwar kalma daga guntayen sauti, sai dai yau su rubuta Miria, gobe Mirya, jibi Myriam. A wurina wannan ya fi wahalar sha'ani, don kuskuren da ke zuwa iri ɗaya kullum yana da magani, wanda ke sauya kama kuwa sai ido.

Fara da takarda, ba da na'ura ba

Ɗauko aikin da ka saba yi, shafi uku ko huɗu na kowane iri, ka karanta wa manhajar kamar yadda za ka yi ranar aiki. Kada ka gyara komai. Ka buga, ka zauna da biro ja, ka kewaye duk inda ta kauce. Kalma ba ta shiga jeri sai ta cika sharaɗi biyu: tana yawan dawowa a aikinka, kuma manhajar tana kasa ta. Wadda ta zo sau ɗaya a shekara, buga ta da hannu ya fi sauƙi. Wadda manhajar ke kamawa da kanta, kamar Niamey ko Agadez, ƙyale ta.

Akwai masu ɗauko sunayen ƙauyukan jiha kaf, daga Belbédji har Dungass, su zuba ciki a dare ɗaya. Ban ba ka wannan shawara ba. Kowace kalmar da ka ƙara tana shiga takara da kalmomin yau da kullum. Ka sa sunan Salé, wanda a Faransanci yake nufin mai gishiri, daga ranar duk abinci mai gishiri a cikin rahoton kiwon lafiya zai iya fitowa da babban baƙi. Gajerun sunaye su ne masu haɗari: Issa, Ali, Sani, Ado, Bako. Dogaye irin Damagaram ko Aroungouza ba su da abokin faɗa a Faransanci, da ka sa su sun zauna.

Sai kuma aikin da ya fi kowanne cin lokaci, wanda na'ura ba za ta yi maka ba: tsayar da rubutu ɗaya. Mirriah ko Miria? Matamèye, Matameye ko Matamey? Takeita ko Takiéta? Zengou ko Zango? Tchiroma ko Ciroma? Elhadji, El Hadj ko Elh.? Duka ana ganin su a takardun gwamnati da allunan hanya. Idan kai kanka ba ka tsaya a kan ɗaya ba, to ruɗaninka za ka koya mata. Ni ga yadda nake yi. Sunan wuri, ina bin yadda ofishin da takardar za ta je yake rubutawa a kan hatiminsa. A rubutun Hausa kuma ina bin ƙa'idar Hausa, in rubuta Zango da Ciroma. Saboda haka jerina biyu ne tun daga tushe, na Faransanci daban, na Hausa daban, ba na cakuɗa su.

Sunan mutum ba a yi masa ƙa'ida. Mahamadou, Mahamane, Mahaman, Mamane, Maman, Mohamed: a baki kusan abu ɗaya ne, a takarda mutum shida ne. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibi yana zarya saboda harafi guda ya bambanta tsakanin takardar haihuwarsa da ta shaidar karatunsa ya san ba wasa ba ne. Abin da ke kan katin shaida shi ne suna, ko da kai ka ga kamar an yi kuskure.

Jerin kansa ba ya son ado. Buɗe Bloc-notes ko Excel, ka yi gida uku: yadda ake rubutawa, yadda kake faɗa, sai irin aikin da kalmar ke fitowa ciki. Gida na biyu shi ne zuciyar abin.

Yadda kake faɗa

Manhajar da aka saita a Faransanci da kunnen Bafaranshe take saurare. In ka ba ta "Kantché" kawai, za ta ƙiyasta yadda ake furta shi bisa ƙa'idar Faransanci, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta yi nisa. Shi ya sa ake rubuta mata furucin da kalmomi ko gaɓoɓin da ta riga ta sani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar ta ta faɗa maka abin da take ji. Furta sunan sau da yawa cikin jimla, ka duba abin da take rubutawa. Idan kullum "là où Ali" take bayarwa, to shi ke nan, rubuta Laouali a gida na farko, "là où ali" a gida na biyu. Ka yi amfani da kuskurenta ka ɗaure ta da shi.

Amma ka tsaya ka tambayi kanka ko abin da take rubutawa magana ce da kake amfani da ita. "À bout" Faransanci ne mai kyau, yana fitowa a wasiƙu. In ka ɗaura shi a kan Habou, ran da wani ya ce ƙarfinsa ya ƙare sai Habou ya faɗo cikin jimla. A irin wannan sai ka ƙara wata kalma a gaba wadda ba za a rubuta ba. Ni "nom" nake sawa: in na ce "nom à bout" ta rubuta Habou, in na ce "nom maman" ta rubuta Maman da babban baƙi. Da farko bakinka zai riƙa mantawa, daga baya ya zama jiki.

Haka nake raba masu kama da juna. Mahamane furucinsa "maamane avec e", Mahaman kuma "maamane sans e". Aboubacar "aboubacar avec cé", Aboubakar "aboubacar avec ka". Ba sai furucin ya zama yadda ake kiran mutum a gida ba, alama ce tsakaninka da na'ura.

Wata dabarar ita ce haɗa kalmomi su zama guda. Maimakon ka sa Charé daban, Zamna daban, sa "Charé Zamna" a layi ɗaya. Haka Garin Malam, Damagaram Takaya, Toudoun Jamous, Université André Salifou, Mata Masu Dubara. Iya tsawon abin da ka ba ta, iya ƙarancin abin da zai yi kama da shi, kuma manyan baƙaƙe da tazara suna fitowa daidai ba sai ka bi su ba. Sunayen da ke yawan tafiya tare, kamar Maman Sani ko Maman Laouali, su ma haɗe su ya fi.

Gajerun sunayen ma'aikatu suna da tasu ƙa'ida. A gidan furuci ba a sa lamba, ba a sa ɗigo, ba a sa baƙaƙe tsurarsu, sai dai a rubuta abin da baki ke faɗa. CSI ya zama "cé esse i", COGES "cogesse", COFOCOM "cofo comme", SORAZ "sorase". Masu rubuta rahoton noma su ƙara kalmomin da suka shiga Faransancin ƙasar nan amma ƙamus na can bai cika sanin su ba: tia, habbanaé, fada, kori.

Ɗura jerin a cikin manhaja

Wadda ta fi ba da dama a wannan fanni ita ce Dragon. Tun 1997 ta fito da sunan NaturallySpeaking, daga baya ta koma hannun kamfanin Nuance, wanda Microsoft ya saye a 2022. Ta kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba, amma tana aiki a kan kwamfuta mai Windows ba tare da intanet ba, abin da duk mai zama inda rezo ke zuwa yana tafiya ya san darajarsa. Tana da Faransanci da Ingilishi da wasu harsunan, ba ta da Hausa.

A cikinta ka shiga Vocabulaire, ka buɗe Éditeur de vocabulaire. Za ka ga gida biyu daidai da na jerinka: forme écrite da forme orale. Kafin ka ƙara kalma, nemi ta tukuna, don wataƙila tana ciki da wani rubutu dabam. In ka ƙara, akwai wurin horar da ita, inda za ka furta kalmar ta ji muryarka. A nan mutane ke ɓata aikinsu: sai su gyara zama, su furta sunan gaɓa-gaɓa kamar mai karanta sanarwa a rediyo, alhali ranar aiki da sauri za su wuce shi. Furta shi yadda yake fita a bakinka cikin magana. Kada kuma ka yi horon ran da hunturu ya shaƙe maka maƙogwaro, ko da la'asar ɗin azumi, ko lokacin da gurup ɗin maƙwabci ke ruri. Makirfo mai rataya a kai, wanda ke tsayawa gefen baki, ya fi na jikin kwamfuta nesa ba kusa ba, musamman in fanka na kaɗawa.

In kalmomin suna da yawa ba sai ka sa su ɗaya-ɗaya ba. Dragon tana karɓar fayil na rubutu tsura, kowace kalma a layinta, rubutu a farko, sai sandar da ta karkata baya, wato \, sai furuci. Tsarin yana ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi, don haka ka fara sa kalma biyu ko uku da hannu, ka fitar da su zuwa fayil, ka buɗe ka ga yadda taka ta tsara su, sannan ka kwaikwaya.

Tana kuma iya karanta tsofaffin takardunka ta tsamo baƙin kalmomi, ta kuma koyi yadda kake jera magana. Wannan yana da amfani sosai ga takardun ciniki, inda jimloli iri ɗaya ke dawowa. Sharaɗin shi ne ka ba ta takardun da ka tace. Ka ba ta kundin ɗalibi da ba a gyara ba, ta haddace kurakuransa duka. Idan ta nuna maka jerin abin da ta tsamo, kada ka danna amincewa gaba ɗaya, bi su ɗaya bayan ɗaya kana cire shara.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ana iya cire kalma daga rumbun. In akwai wani sunan Turawa da ke tare wa naka hanya kullum, kuma ka san ba za ka taɓa buƙatarsa ba, goge shi. Na biyu, in ta yi kuskure, gyara ta hanyar umarninta na gyara, don ta nan take koyo. Share kalmar da hannu ka buga wata yana gyara takardar yau ne kawai.

Wanda ba shi da kuɗin Dragon, ya duba kwamfutarsa. Yawancin na'urorin da ke hannunmu na hannu ne, masu Windows 10 ko wanda ya girme shi, kuma a cikinsu akwai Reconnaissance vocale, kyauta, tana jin Faransanci, ba ta neman intanet. In ta buɗe, danna dama a kan alamar makirfo, ka zaɓi ƙamus ɗinta na murya. Tana ba ka damar ƙara kalma, ka ɗauki furucinta da muryarka, ka kuma hana wata kalma fitowa. Ba ta kai Dragon kaifin kunne ba, amma ga wasiƙa mai shafi ɗaya ta isa. Microsoft ya sanar a ƙarshen 2023 cewa ya daina raya ta, a Windows 11 ya maye gurbinta da Accès vocal. Shi kuwa danna Windows da H tare, wanda da yawa suka sani, wata hanya ce dabam, kuma tana son intanet.

A waya, yawancinmu Tecno ne ko Itel ko Infinix, da madannan Gboard. Akwai Dictionnaire personnel a cikin saitinsa, inda kake zaɓar harshe, ka sa kalma, ka ba ta gajeriyar alama in kana so. Ka sa jerinka a ciki, amma ka san don bugun yatsa aka fi yin sa: babu gidan furuci. Amfaninsa shi ne lokacin gyara, ka taɓa baƙi biyu sunan ya fito cikakke. Masu iPhone su shiga Accessibilité, sai Contrôle vocal, sai Vocabulaire.

In da Hausa kake shifta

A watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan Afirka da ake iya yi wa shifta a Gboard da neman abu da murya. A watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takardun Hausa sun ɗan ƙaru a birona tun daga lokacin, yawanci sanarwar ƙungiyoyi da saƙon da za a karanta a rediyo.

A nan ba ka da Éditeur, ba ka da gidan furuci. Abin da ya rage maka shi ne gyaran bayan shifta, kuma jerinka sai ya sauya siffa: gida na farko abin da take rubutawa, na biyu abin da kake so. Abu uku ne ke cika wannan jeri. Baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda manhajoji ba duka ke kula da su ba. Sai ƴ, wanda mu a Nijar muke rubutawa da lanƙwasa, a Najeriya kuma 'y, kuma rubutun Hausa da ke intanet mafi yawansa daga can yake. Sai kalmominmu na aro daga Faransanci, irin lakwal, kuran, meri, waɗanda kunnen da ya saba da Hausar Kano zai iya murɗawa.

Kwafe rubutun zuwa Word, ka danna Ctrl da H, ka sa abin da za a nema da abin da za a maye da shi. Tabbatar ka zaɓi Mot entier, in ba haka ba za ta shiga cikin wasu kalmomi ta yi ɓarna. Kuma ba kowace kalma ake mayewa ido rufe ba. Kungiya, kauye, dalibi, bangare, karshe, hudu, waɗannan ba su da tagwaye, mayar da su ƙungiya, ƙauye, ɗalibi, ɓangare, ƙarshe, huɗu ba fargaba. Amma kasa da ƙasa duka kalmomi ne, haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Waɗannan sai ka bi su da Suivant, kana duba jimla kafin ka yarda. Akwai kuma Correction automatique, a ƙarƙashin Options da Vérification, inda za ka iya zuba irin wannan jeri. Tana aiki lafiya da abin da aka buga da hannu, amma ba kullum take taɓa rubutun da aka liƙa ko aka yi shiftarsa ba, don haka gwada a na'urarka kafin ka dogara da ita.

Mu mutanen Zinder jimla ɗaya muna iya fara ta da Hausa mu ƙare da Faransanci. A hira ba laifi, a shifta kuwa ka daure ka tsaya a harshen da ka saita. Kalmar ɗaya harshen da ba makawa sai ta shigo, ita ce irin wadda ake sa wa a jeri.

Masu ɗauko taro a waya su kawo a rubuta, su ma akwai abin da ya dace da su. Whisper, wadda OpenAI ya saki a watan Satumba na 2022, kyauta ce, ana iya girka ta a kwamfuta ta yi aiki ba intanet, in na'urar tana da ƙarfi. Hausa tana cikin harsunanta, sai dai Faransancinta ya fi Hausarta nisa. Ba ta da rumbun da ake ƙara wa kalma, amma tana karɓar ɗan rubutun share fage kafin ta fara saurare. Wurin ƙarami ne, bai fi ƴan layuka ba, don haka zaɓi sunayen da za su fito a wannan taron kawai, ka jera su cikin jimla mai kama da maganar da za a yi, da rubutun da kake so. Daƙiƙa 30 take yanka sauti tana bi, kuma tasirin share fagen yana raguwa in aka yi nisa, shi ya sa ya fi kyau ka datsa dogon taro gida-gida, ka ba kowane gida nasa. Ka kuma yanke wuraren da aka yi shiru mai tsawo, don an san ta da ƙirƙiro magana inda babu.

Abin da ba na ba ta

A takardar cinikin gona ko fili ba na furta sunan kowa. Mai sayarwa "girafe" nake ce masa, mai saye "gazelle", shaidu kuma "témoin un", "témoin deux". Kalmomi ne da manhajar ba ta kuskure a kansu, kuma ba su da abin yi a takardar ciniki. In na gama, sai in karɓi katin kowa, in buga sunan sau ɗaya da hannu a Ctrl da H, ya shiga ko'ina iri ɗaya. Ɗiyar yayata da ke taya ni aiki, ranar da ta fara ganin haka a allo ta ce, "Kawu, yau kuma raƙumin dawa ne ya sayar wa barewa gona?" Ita ce yanzu ke neman dabbobin nan a kowace takarda kafin a buga, kuma wannan binciken wajibi ne.

Wannan dabara tana da wata fa'ida. Shiftar da ke bi ta intanet tana aika muryarka zuwa na'urorin kamfani a wata ƙasa. Takardar gado, ta saki, ta asibiti, amana ce aka kawo maka. Irin waɗannan ko dai ka yi su da manhajar da ke aiki a cikin kwamfutarka, ko ka cire sunaye kamar yadda na faɗa. Cikakken sunan mai kawo aiki kuma ba ya shiga ƙamus ɗin waya. Jeri na sunaye ne gama-gari, ba rajistar mutane ba.

Kuɗi ma da hannu nake buga su. Mai gona da dala da jika yake lissafi, takarda kuma da sefa. Dala ɗari 500 ne, dala dubu 5.000, jika ɗari takwas 800.000. Juyawar a kanka take faruwa, kuma in ka haɗa ta da kunnen na'ura wanda zai iya jin "seize" a wurin "treize", ka buɗe ƙofa biyu ga kuskure. Ina rubuta adadin da lamba, in sake rubuta shi da kalmomi, sannan in juya in ce, "Alhaji, jika ɗari takwas kuka ce ko?" Sai ya amsa a gaban shaidu nake bugawa. Haka lambar fili, lambar kati da ranar haihuwa.

Ajiye jerin

Fayil ɗinka na Bloc-notes shi ne asali, abin da ke cikin manhaja kwafi ne. Duk kalmar da za ka ƙara, fara rubuta ta a fayil sannan ka kai ta ciki. Kuran yana iya ɗaukewa daidai lokacin da manhajar ke adana bayanan muryarka, su lalace. Mai gyara yana iya wanke kwamfutar gaba ɗaya don ya raba ta da ƙwayar cuta. Kana iya sauya manhaja ma. A duk waɗannan, mai fayil a kile USB da wani kwafi a waya zai dawo aiki da yamma ɗaya. A Dragon ka riƙa fitar da kalmominka da kuma bayanan muryarka lokaci-lokaci, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin don ka san wanne ne na baya.

In ku biyu ne a biro, kowa ya buɗe nasa bayanan murya, kada ku yi tarayya a ɗaya, don muryar mace da ta namiji, ko ta wanda ya tashi a Magaria da ta wanda ya yi karatu a Yamai, ba ɗaya ba ce a kunnenta. Jerin rubutu kuwa ɗaya za ku riƙe, don takardun da ke fita daga biron su zama da rubutu iri ɗaya. Furuci ne kawai kowa zai daidaita da bakinsa.

Gida na uku na jerin, wanda ke nuna irin aiki, ranar shara yake amfani. Ɗalibi ya kawo kundi a kan kiwo a yankin Tesker, ka sa sunayen rijiyoyi da na ciyayi masu yawa don aikinsa. Ran da ya karɓi kundinsa, tace jerin da wannan gida, ka cire su daga manhajar, ka bar su a wani fayil dabam mai sunan fannin. Wani ɗalibin kiwo zai zo baɗi, sai ka mayar da su.